Mashayar da za a rufe a layin giya na Bermondsey: me ya rage a famfo?

Ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa da ta taso daga tashar London Bridge ta ratsa unguwar Bermondsey a kudu maso gabashin Landan, akwai jerin rumfunan bulo da ƙananan masu dafa giya suka mamaye tun bayan da kamfanin giya na The Kernel ya fara aiki a 2009. Ɗaya daga cikin mashayun layin ta manna takardar rufewa a ƙofa. Irin wadda tukwanen dahuwa ke baya, kanta ke gaba, tsakanin tanki da kofi bai wuce 'yan taku ba.

Giyar gidan ba ita ta kayar da su ba. Lagarsu, wato giyarsu mai haske, tana kwana a tankin sanyi mako 4 zuwa 6 kafin ta fito, kuma ana jin hakan a baki: ba warin kibiritu, ba ɗanɗanon man shanu da ke tona asirin giyar da aka raba da yisti kafin ya gama aikinsa. Kumfarta na tsayawa, tana barin zobe a jikin kofi. Baƙar giyarsu ta gasasshen sha'ir ma ba laifi, sai dai ana zuba ta da sanyin da ya yi mata yawa. A bar ta minti 10 a kan tebur, ƙamshin gahawa zai fito.

Matsalar tana kan allon jerin giyar da ke famfo. Famfo 16 ga gidan da ba ya cika sai Juma'a da yamma da Asabar, ganganci ne. Ganga mai lita 30 tana ba da kofi kusan 52 na mililita 568 a lissafin takarda, amma in an cire kumfar farko da ta ƙarshe da ɗan ɗanɗanon da ake miƙa wa mai saye, da ƙyar a kai 50. Ƙa'idar masu sana'ar a Ingila ita ce a wanke tiyon kowane famfo duk kwana 7: a tura ruwa ya kore giyar da ke ciki, a cika shi da ruwan wanki mai soda, a bar shi ya jiƙa, sannan a ɗauraye har sai takardar gwaji ta nuna ba sauran sinadari. Duk giyar da ke kwance a tiyo asara ce, sau 16 kowane mako. Da kuɗi ya fara ƙaranci, wankin nan ake fara ɗagawa, kuma a makonnin nan an ɗaga shi. Famfunan ƙarshen layi, waɗanda ba a cika taɓawa ba, sun soma tsami irin na khal. Wannan ba salon giya ba ne, ƙwayoyin cuta ne suka yi gida a tiyo.

Wadda ta fi shan wahala ita ce giyar da ake kira IPA, nau'inta mai hazo-hazo, wadda ake zuba wa furen hop mai ba giya ƙamshi da yawa bayan ta huce. Ba ta jure iska ko kaɗan. Sabuwa takan zo ruwan ɗorawa mai haske da ƙamshin lemu da mangwaro, in iska ta shige ta kuwa sai ta rine ta koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya mutu, warin jiƙaƙƙen kwali ya maye gurbinsa. Biyu daga cikin waɗanda ke kan famfo yanzu sun kai wannan hali. Ma'aikatan kanta, a yaba musu, ba sa musu: in ka ce ta juya, za su ɗanɗana su canja maka.

Sauran nauyin daga waje ya zo. A 2019 Network Rail, mai kula da layukan dogo na Birtaniya, ta kammala sayar da dubban rumfunan ƙarƙashin gadoji ga kamfanonin Blackstone da Telereal Trillium kan fam biliyan 1.46, kuma tun daga lokacin 'yan haya da dama ke kukan ƙarin kuɗi duk sanda aka zo sabunta yarjejeniya. A 2022 wuta da gas suka yi tashin gwauron zabi, iskar kabon da ake tura giya da ita ta yi tsada saboda masana'antun taki da ke samar da ita sun rage aiki. A Afrilun 2025 rangwamen harajin wuraren kasuwanci ga mashayu ya sauka daga kashi 75 zuwa 40 cikin 100, kuɗin inshorar ƙasa da mai gida ke biya kan albashi ya hau zuwa kashi 15. Rumfar bulo kuma ba ta da tausayi: tana tsattsafo da hunturu, na'urar sanyi kuwa ba ta hutawa ko da ba kowa a ciki.

Ga mai niyyar leƙawa kafin a ja ƙofa, ya fara da laga da baƙar giyar, ya nemi ɗanɗano kafin ya biya kuɗin kowace IPA, ya tambayi ranar da aka ɗaura gangar. Gwangwanayen da aka karya wa farashi, a juya gindinsu a duba ranar cikawa. IPA da ta haura wata 3 ba araha ba ce ko nawa aka rage, musamman in a kan kanta take ba a firji ba. Baƙar giya mai ƙarfi ita ce abin ɗiba, don tana ɗaukar shekara ba ta lalace ba. Kada a zo da tulu a ce a cika daga famfo: tun Agustan 2023, gangar da aka biya mata harajin rangwame na sha-a-nan-take doka ta hana a ɗura ta don tafiya da ita gida. Mai katin kyauta na sayayya a mashayar kuma ya kashe shi a wannan makon, domin in kamfanin ya faɗa hannun masu raba kadara, sunansa zai shiga sahun masu bin bashi marasa jingina, su ne kusan na ƙarshe a layin biya.