Super ta Holland ko kwafinta? Amsa ga mai haɗa lefe

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki tun da hantsi a kan atamfofin Super biyun da kika gani a intanet: ta shagon da ya sa cikakken farashi, da ta wancan shafin da aka ce miki "duk ɗaya ce" a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Ki sayi ta farkon. Ko turmi ɗaya tal kuɗin yayan naki mai shirin aure zai iya saya, ki sayi ɗayan ki ɗora a saman akwati.

Ina da wata Super mai shuɗi da ruwan ɗorawa da ta zo a lefena a 2009. Na ɗinka riga da zane da ɗankwali, na je biki da suna da ita ba adadi, kuma da zanen na goya yarana uku. Ta sha wanki, ta sha ranar Kano a kan igiya, har an taɓa mantawa da ita a waje ta kwana cikin ruwan sama. Yau in kika taɓa ta sai ki ji laushi kamar audugar rimi. Launin ya ɗan kwanta, amma bai gudu ba, shuɗin bai shiga cikin ɗorawar ba. Bara babbar 'yata ta ɗauke zanen ta kai wa tela ya yi mata doguwar riga, ƙawayenta suna ta tambayar inda ta samu. Ban yi mata faɗa ba, daɗi ma na ji.

Kwafin kuwa na taɓa saya sau ɗaya, ana saura kwana goma Sallah. Abin alherin da zan iya faɗa a kanta shi ne tana da kyau a hoto. Mai sayarwar ta rantse mini cewa orijinal ce, wai gwanjon kwastam ne ya sa ta yi araha. Aka sa mini a mota, na aika yaro tasha ya karɓo. Wankin farko ruwan ya koma kamar zoɓo. Ashe ƙarfin da na ji a jikinta sitati ne. Yanzu da ita nake rufe ƙullun waina.

Tunda ba hannunki zai taɓa kayan ba kafin ki biya, sai ki san abin da za ki nema da ido. Kuma ba za ki gane ba sai kin san yadda ake yin ta gasken. Wadda muke ce wa Holland, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, kamfanin da aka kafa tun 1846. Abin dariya, su ma da kwaikwayo suka fara, domin batik ɗin mutanen Indonesiya suka so yi da inji, sai kasuwar ta buɗe musu a Afirka ta Yamma. Super ɗin ita ce ta zo daga baya, a shekarun 1970, da zare mafi siriri da saƙa mafi matsewa. Yadda suke yi shi ne, a buga wani irin ƙaro a gaba da bayan farin yadin auduga, a tsoma shi a rini, inda ƙaron ya rufe rinin ba ya shiga. Sai a kakkarya ƙaron a cire wani sashe, a ƙara wasu launukan. Wajen karyewar nan ne ake samun 'yan ɗigo-ɗigo farare da siraran jijiyoyi kamar tsagewar ƙasa a lokacin rani.

To a nan kwafi take tona wa kanta asiri. A ta gaske, ƙaron ba ya karyewa iri ɗaya sau biyu, don haka ɗigon da ke kusa da wannan furen ba zai yi daidai da na furen gaba ba. Masu kwafi kuwa zana ɗigon suke yi a cikin adon, inji ya yi ta maimaitawa. Ki ce wa mai shafin ta warware miki turmin ta ɗauki bidiyo a hasken rana, daga wannan kai zuwa wancan. Ki tsayar da bidiyon a wurare biyu inda fure ɗaya ya maimaitu. In kika ga ɗigo uku a gefen ganye a nan, kika sake ganin ukun nan a wuri ɗaya sak a can, magana ta ƙare. Har ila yau a ta gasken za ki ga launi ya ɗan haura layinsa kaɗan a wasu wuraren. Mata da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin aibi, su zaɓi wadda komai nata ya zauna cif. Sau da yawa wadda ta zauna cif ɗin ita ce ta bogi.

Sai ki sa ta juya bayan. Ta gaske gabanta da bayanta kusan ƙarfin launi ɗaya ne, har tela yakan tsaya ya duba kafin ya yanka. In bayan ya yi fari-fari kamar an wanke shi da ruwan toka, bugun fuska ɗaya ce. Amma kada ki jingina da wannan kaɗai, ƙanwata. Ƙaramin kwafi yake kamawa. Manyan masu kwafi yanzu gaba da baya suke bugawa.

Bakin atamfar ma ki nemi hotonsa na kusa. Holland tana da rubutu a gefe, irin su "Guaranteed Dutch Wax Vlisco" da "Véritable Wax Hollandais Vlisco", Super kuma tana ɗauke da sunanta a can, ga lambar adon. Lambar da ke bakin yadin ya kamata ta yi daidai da wadda ke kan takardar da aka manna. A tawa ta bogin, da na zauna daga baya ina cizon yatsa na duba, lambobin biyu ko kama hanyar juna ba su yi ba. Sai dai ki sani rubutu da takarda su ne suka fi sauƙin kwaikwaya. In sun saɓa, jabu ce tabbas. In sun yi daidai, ba shi ne ya wanke ta ba, sai kin haɗa da sauran.

Gwajin wuta kuma sai kaya ya zo hannu. Ki zare 'yan zarurruka daga bakin da aka yanka ki sa musu ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. In zaren ya narke ya dunƙule ya yi tauri, da roba a ciki, kuma Holland auduga ce zalla.

Duk da haka, ni abin da ya fi duk waɗannan saurin faɗa mini gaskiya shi ne farashi. Kayan nan daga Turai yake fitowa, da kuɗin Turai ake sayensa, a biya jirgi a biya haraji. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya tashi. To ta ina wata za ta sayo abu a kan dubu ɗari, misali, ta sayar miki a kan dubu talatin, har ta biya miki kuɗin mota? Ba 'yar gidanku ba ce, ba zakka take fitarwa ba. Ragin da ake samu a Super ta gaske ɗan kaɗan ne, irin wanda ciniki ke kawowa.

Na san abin da ke ranki: akwati ba ya cika da turmi ɗaya, kuma dangin amarya ƙirgawa za su yi. Ki cike sauran da atamfofin da ke amsa sunansu. Akwai ta Kwadebuwa, wato Uniwax da ake bugawa a Abijan, akwai GTP ta Gana, dukkansu ba su kai Vlisco tsada ba. Ko 'yar China irin su Hitarget, ba laifi, tana yin aikinta, kuma ba ta ce miki ita Holland ba ce. Da a ce masakun Kakuri na Kaduna suna aiki kamar da, da ba mu tsaya wannan lissafin ba, iyayenmu da 'yar gida suke cike akwati kuma ba wanda ya raina. Abin kunya a lefe ba ƙaramar atamfa ba ce. Abin kunya shi ne a ɗaga turmi a ce "ga Super", gwaggon amarya ta miƙa hannu ta murza bakin da yatsu biyu, ta ajiye ba ta ce komai ba. Waɗannan tsofaffin ba takarda suke karantawa ba. Kafin a rufe akwatin labari ya zaga gidan, kuma amarya za ta riƙe shi har ta yi jika.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma zan faɗa, domin a nan aka fi yi wa mata kuka. Wasu shafukan ko kwafin ma ba su da shi. Hotunan wasu shagunan suke kwashewa su zuba a Instagram da Facebook, su sayi mabiya, su rufe wurin sharhi. Kina tura kuɗi sai ki ga an toshe ki. Wasu kuma suna da turmi ɗaya na gaske da suke nuna wa kowa a bidiyo, wanda za a sa miki a mota daban ne. Saboda haka ki kira ta kiran bidiyo, ki ce ta rubuta sunanki da biro a kan takardar turmin da kika zaɓa kina kallo. Mai gaskiya ba za ta ƙi ba. Ki duba sunan asusun da aka ba ki, in shafin sunansa daban, asusun sunan wani namiji ne can daban, kuma an kasa yi miki bayani, ki tsaya. In aka fara "saura biyu Hajiya, yanzu wata ta ce a ajiye mata", ki ce a ba ta. Ki kuma kula da kalmomin da suke ɓoyewa a ciki: "kwafi na ɗaya", "mai daraja ta ɗaya", "Holland ta Dubai". Duk sunan jabu ne aka sa masa kwalli. Ki tambaye ta kai tsaye a rubuce, "Ta Vlisco ce ta asali, kuma in ba ita ba ce za ki mayar mini da kuɗina?" Ki ajiye amsar da shaidar biyan kuɗin, domin ko hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kika kai wa ƙara, abin da za su fara nema ke nan.

Shagon farkon ma kada ki sakankance don kawai farashinsa ya cika, ana sayar da jabu da tsada. In suna da rumfa a Kantin Kwari ko wata kasuwa da aka sani, ki karɓi lambar shagon ki tura wani naki ya je ya gani da idonsa, ya biya a can, ya ɗauko. In kuma babu wanda za ki aika, ki turo mini hoton bakin atamfar da bidiyon da aka warware ta kafin ki tura ko sisi. Bayan la'asar ina gida.