Shagon kayan tagulla a Kaduna: aiki ya yi, amma a rage ƙarya

Masu tambayata inda muka samo mutum-mutumin 'yar Fulanin nan da muka ba madam ɗinmu ta ofis da za ta yi ritaya, wani ɗan shago ne can wajen Ahmadu Bello Way, ba zan kama suna ba tunda akwai inda zan caccake shi.

Aikin dai gaskiya ya yi. Tsayinta bai wuce kamu ɗaya ba amma kana ɗagawa sai ka sa hannu biyu, ƙwarya a ka, kitson nan doka sili-sili, har duwatsun wuyanta ana iya ƙirgawa, sannan wuyan ya ɗan karkace yadda mai ɗauke da kaya ke yi idan an kira ta daga baya. Wannan karkacewar ce ta sa na ce a naɗe min. Da kakin zuma ake fara siffanta ta, a lulluɓe da yumɓu a gasa, kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Shi ya sa ba za ka samu biyu iri ɗaya sak ba, har ɗan ragowar baƙar ƙasa na gani maƙale a cikinta ta ƙasa.

Inda muka ɓata da mai shagon, cewa ya yi wai wani kan tagulla na sarauniya Idia, mahaifiyar wani sarkin Benin ta jihar Edo, da ke gefe tsoho ne tun zamanin sarakunan Benin na da. Haba malam! Kayan da Turawan Ingila suka kwashe a 1897, ake ta fama yanzu a dawo da su, shi ne zai zo shagonka kusa da mai shayi? Sabon zubi ne irin na maƙeran Igun, unguwar masu zubin tagulla a birnin Benin, an shafa masa abun da zai sa ya yi kore. Kuma da ka ce sabo ne ma ai mai so zai saya.

A kula kuma, akwai na roba da aka fesa wa fenti an jera su tare. Ku ƙwanƙwasa da makulli, tagulla ƙara take yi, roba kuwa shiru.

Ni dai ba zan ajiye mai siffar mutum a falona ba, kun san hukuncin, tire da butar Bidda na ɗaukar wa gida. Ciniki kuma kar ku ji kunya, kusan rabi na zabge masa ya sallama, amma ko kwali bai da shi, a tsohuwar jarida ya naɗe min.