Kwalin koyar da kala da zanen mandala: na yi zango guda da shi a JSS 2, ga yadda na same shi

Malamai 'yan uwana da ke ta tambayata wane kaya na yi amfani da shi yaran nan suka yi zanen da muka liƙa a bangon aji, to ga bayanin a dunƙule don na gaji da turawa ɗaya bayan ɗaya. Wani kwali ne da ake shigowa da shi daga waje, a shagon kayan makaranta na saye shi, ba zan kama sunan kamfanin ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi. A ciki akwai takardun mandala da aka riga aka buga layukan sai dai a cike da kala, da faifan kala na kwali mai juyawa, da fosta kala guda shida wato ja, rawaya, bulu, kore, fari da baƙi, da buroshi, da wani ɗan littafi na malami da Turanci. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne wlh, kuma daga aljihuna ya fita don kun san yadda ake ɗaukar darasin CCA, wato na al'adu da zane-zane, a makarantunmu, in aka zo rabon kuɗin kayan aiki mu ne na ƙarshe a layi.

Ga wanda bai san mandala ba, zane ne na da'ira da ke farawa daga ɗigo ɗaya a tsakiya yana faɗaɗa zobe bayan zobe, kuma duk abin da ka zana a gefe ɗaya sai ya maimaitu a zagaye. Asalinsa na mutanen Indiya ne da yankin Himalaya, 'yan Hindu da mabiya Buddha suna amfani da shi a ibadarsu, har malaman addinin Buddha na Tibet sukan yi kwanaki suna shirya shi da yashi mai kala sannan in sun gama su share shi gaba ɗaya. Wanda ke cikin kwalin nan dai ado ne kawai na furanni da kusurwoyi, amma zan dawo kan maganar nan don ta taso a makarantarmu.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar kanta. Na daɗe ina koyar da kala a allo, in zana da'ira in raba ta in rubuta ja nan kore can, yara su kwafe su haddace su rubuta a jarrabawa su ci, amma ka ba su fenti sai ka ga ba abin da ya shiga. Da mandala kuwa tunda fure ɗaya ne ke maimaituwa sau takwas ko goma sha biyu a zobe guda, yaro in ya zaɓi kala biyu dole ya gan su kusa da juna sau da yawa, to ko bai so ba idonsa zai gaya masa ko sun dace ko sun yi faɗa. Littafin malamin ya tsara abin da kyau, takardar farko da ja da rawaya da bulu kaɗai za a cike, ta biyu sai a haɗa su a fitar da ruwan goro da kore da fafal, daga nan a shiga kalolin da ke kallon juna a faifan wato kishiyoyi, ja da kore, bulu da ruwan goro, rawaya da fafal, sai kuma maƙwabta irin rawaya da ruwan goro da ja a jere. Akwai darasin masu zafi da masu sanyi inda ake cewa a sa ja da rawaya a tsakiya a tafi da bulu da kore zuwa baki, in an liƙa a bango aka ja baya sai ka ga kamar tsakiyar ta taso tana matsowa. Ranar da muka yi wannan har masu surutun bayan aji sun yi tsit.

Faifan kalan mai gida goma sha biyu ne, irin tsarin Johannes Itten wanda ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus, littafin ma ya ɗan taɓo tarihi cewa Isaac Newton ne ya fito da da'irar kala a 1704 bayan ya raba hasken rana da gilashi. Amma labarin da yarana suka fi so ba ya cikin littafin, ni na ƙara musu. Wani Bafaranshe masanin sinadarai Chevreul shi ke kula da rini a masaƙar Gobelins da ke Paris, ana ta kawo masa ƙara wai baƙin zarensu ba ya yin baƙi sosai, da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa ƙalau, kalar da ke kusa da baƙin ce ke sauya yadda ido ke ganinsa, ya rubuta bayanin a 1839. Sai na sa su suka haɗa ruwan toka guda ɗaya suka ɗiga shi a cikin zoben rawaya da kuma cikin zoben bulu, wata yarinya ta rantse min wai na sauya fentin da ta juya baya. Mun kuma yi na ƙura wa jan da'ira ido na kusan rabin minti sannan a kalli farar takarda, sai wani kore-kore ya bayyana, ajin ya kaure da ihu har malamin aji na kusa ya leƙo.

To yanzu ga inda raina ya ɓaci. Fentin da suka sa a kwalin ba zai iya yin abin da faifan da ke cikin kwalin ya ce ba. Faifan ya ce ja da bulu su ba da fafal, yara suka haɗa sai ga wani abu kamar ruwan kwata, ba fafal ba ba makuba ba, suka ɗago suna kallona "Malama ai bai yi ba". Kuma ba laifinsu ba ne, jan da aka sa irin mai karkata zuwa ruwan goro ne, akwai ɗan rawaya-rawaya a jikinsa, to in ka zuba masa bulu tamkar ka haɗa kala ukun ne gaba ɗaya, kuma duk sanda uku suka haɗu ruwan ƙasa kake samu. Wanda ya tsara littafin ya san kala, wanda ya zuba fentin kuwa araha kawai ya bi, ina jin ma ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba. Sai da na koma kasuwa na nemo ja mai karkata zuwa ruwan hoda wanda ake kira majenta, nan take fafal ya fito tas. Haka bulu ɗin ma mai duhu ne, yana da kyau wajen fafal amma korensa a dushe yake fitowa, sai ka samo bulu mai haske irin na sararin sama kafin ka ga kore mai rai. Shi ya sa ma injin buga takarda ba ja da bulu yake sha ba, bulu mai haske da ake kira siyan da majenta da rawaya da baƙi ne a cikinsa, duk wanda ya taɓa sayen tawadar firinta ya gani. Da a ce littafin ya yi wannan bayanin ko a layi biyu da na yafe musu, amma shiru, sun bar malami ya ji kunya gaban yara. Koren da suka sa a kwalin kuma ɓoye shi na yi a durowa, don muddin yana kan tebur ba wanda zai wahalar da kansa ya haɗa rawaya da bulu.

Farin fenti ma ya yi kaɗan matuƙa, girmansa ɗaya da sauran alhali shi ake ci fiye da kowa in an zo darasin haskaka kala daga mai duhu zuwa mai haske. Baƙin kuwa har yau yana nan kusan cike, ɗigo ɗaya ya isa, kuma ku gaya wa yara tun da wuri cewa rawaya in ta sha baƙi kore-kore take komawa ba rawaya mai duhu ba.

Takardun su ma sai a hankali. Siririya ce irin ta fotokofi mai giram 80, ruwa na taɓa ta sai ta kumbura ta lanƙwashe, yaro mai nauyin hannu har hudawa yake. Da fensir mai kala ko kireyon ba matsala, amma ai da fenti suka haɗo ta. Sannan rabin zanukan gidajensu ƙanana ne ƙwarai, na manya ne masu zama su yi awa biyu suna cikewa don nishaɗi, mu kuwa minti arba'in gare mu, kafin a raba kaya a ɗebo ruwa a wanke buroshi an ci kwata. Buroshin da suka bayar ya fi gidajen faɗi kuma gashinsa na zuba. Na ware masu manyan gidaje na sa aka yi min fotokofi a kan kwali mai kauri, sauran suna nan ban taɓa su ba.

Daga baya ma daina raba takardun na yi, na ce kowa ya fito da kamfas ɗinsa na mas-set. In ka zana da'ira ka bar kamfas a buɗe yadda yake ka taka shi a bakin da'irar, sau shida cif zai zagaye ta, shi ke nan ka samu fure mai ganye shida, ka raba kowanne biyu ka samu goma sha biyu kowane gida digiri 30, daidai da faifan kala. Malamin lissafinmu har godiya ya zo ya yi min wai yanzu sun daina tambayarsa amfanin kamfas. Kuma na lura yaro ya fi lallaɓa zanen da ya ja layinsa da hannunsa, ba ya yarda ya ɓata shi da gaggawa.

Maganar da na ce zan dawo kanta. A cikin takardun akwai masu alamar Om ta addinin Hindu a tsakiya, ban raba su ba, kuma ina ba duk malamin da zai saya shawara ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya kafin su shiga aji. Duk da haka wani uba ya zo wajen shugabar makaranta, ya ce ya duba a waya ya ga abin na bautar wasu ne me ya kawo shi ajin 'yarsa. Ni ban ga laifinsa ba, tambaya ce mai kyau. Na ce masa Alhaji gaskiya ne can asalinsa ke nan kuma ban ɓoye wa yaran ba, amma abin da muke ɗauka shi ne da'ira da maimaici da zaman kala kusa da kala, na nuna masa aikin 'yar tasa ya duba ya ce to ai wannan faifai ne. Kuma ya yi gaskiya, faifan da iyayenmu ke saƙawa na rufe ƙwarya daga cibiya yake farawa yana zagayawa da ja da kore da baƙi, haka saman hular zanna, haka zayyanar da mahaddata ke yi a gefen Alƙur'ani rubutun hannu. Sati na gaba na ce kowa ya zo da faifai ko hula daga gida, muka baje su a tebur muna neman inda masaƙiya ta haɗa kishiyoyi da inda ta bi maƙwabta, matan da ba su taɓa jin sunan Itten ba amma ga ja da kore nan sun zaunar da su daram. Littafin kwalin ba ruwansa da wannan, misalansa duk ganyen kaka ne da dusar ƙanƙara, abin da yaranmu ba su taɓa gani ba, don haka wannan ɓangaren malami ne zai kawo nasa.

Wani abu kuma da littafin bai ambata ba sam. A darasin ja da kore na ga wani yaro mai ƙoƙari yana ta cakuɗa su, abokansa na dariya, da na zauna da shi sai na fahimci ba ya rarrabe su sosai ne. Matsalar ido ce da ake gado kuma ta fi yawa a maza, ba sakarci ba ne. Na rubuta sunan kowace kala a jikin murfin, na bar shi ya yi nasa da bulu da ruwan goro, na kuma ba iyayensa shawara su kai shi asibitin ido a duba. In kuna da aji babba ku sa ido, da wuya a ce kowa yana ganin abin da kuke gani.

Akwai wata lamba a bayan littafin da ake ɗauka da kyamarar waya ta kai ka bidiyo, na kalli kaɗan, matar tana bayani a nitse amma data yake ci kuma fentin da take amfani da shi a bidiyon ba irin na kwalin ba ne, nata fafal ɗin fes yake fitowa, abin har dariya ya ba ni.

Wa zan ce ya saya? Uwa mai yaro ɗaya ko biyu a gida lokacin hutu, eh zai yi, ta ƙara majenta da farin fenti kawai. Malami mai aji cike kuwa kwali ɗaya ya ishe ka saboda faifan da littafin, kar shugaban makaranta ya sa iyaye su sayi ɗaya-ɗaya, asarar kuɗi ce, gara a haɗa kuɗin a sayi manyan robobin fosta kala da kwali mai kauri, marafan robar ruwa kuma su ne wajen haɗa kala, kyauta ne. Marafan fentin kwalin ba sa rufuwa da kyau, da iskar hunturu ta fara sai na tarar sun bushe sun tsattsage, ɗan ruwa da juyawa yana dawo da su amma ku riƙa ɗaure su a leda. Kuma don Allah 'yan uwa na Zariya da ke kusa da masu karatun zane a ABU, in akwai inda ake samun majenta a babbar roba ku taimaka min da kwatance, ƙananan nan ba sa kai mu ko rabin zango.