Takunkumin kwando na Baskerville Ultra: ya dace da karnukan Sakkwato?

Takunkumin kare iri biyu ne ya fi yawa a hannun mutane: na yadi mai matse baki ruf, da na kwando. A na kwandon, Baskerville Ultra ya fi suna. Da roba mai ɗan laushi aka yi shi, girmansa daga lamba 1 zuwa 6, da maɗauri ta bayan kunnuwa da wani da ke bi ta goshi.

Babban amfaninsa shi ne yana barin baki a sake. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya kansa. Zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 ne a ma'aunin Salshiyas, in ya haura 41 rai na cikin hatsari. To a Afrilu da Mayu, da zafin Sakkwato ke wuce 40, wanda ya ɗaure bakin karensa da takunkumin yadi ya fita da shi rana, kashe shi yake nema. Na yadi na 'yan mintocin allura ne a asibiti, shi ke nan.

Na biyu, kwandon ba ya ɓoye fuska, kuma a fuska kare ke fara gargaɗi. Kafin ya yi gurnani zai lashi hancinsa, ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya kawar da kai har farin idonsa ya fito. In an ci gaba da matsa masa, sai haki ya tsaya cak, baki ya rufe, jiki ya sandare. Wannan tsayawar hakin ita ce alamar da ta fi muhimmanci, kuma ta cikin kwando kaɗai ake ganinta. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce: in ta miƙe sama tana kaɗawa a sandare, ja da baya. Kada kuma a doki kare don ya yi gurnani. Zai daina gurnanin, gobe ya yi cizo ba sanarwa.

Wajen girma ake yawan kuskure. A auna tsawon baki daga ƙasan ido zuwa ƙarshen hanci, a ƙara kamar santimita 1 don kada hanci ya gogi roba. Kewayen bakin kuma a auna shi kare na riƙe da ƙwallo, domin a san faɗin da zai buɗe yana haki. Karnukanmu na gida, musamman na farauta, dogon baki gare su siriri, kuma nan takunkumin ke da rauni: lambar da ta yi daidai a tsawo takan yi sako-sako a gefe. Ana tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, a gyara siffarsa da hannu, a saka a ruwan sanyi ya tsaya. Faɗi yake gyarawa, ba ya ƙara tsawo.

Kada a ɗaura masa ranar farko. A sa guntun dafaffen nama a ƙasan kwandon ya tura hancinsa da kansa (ban da kilishi ko tsire, albasa guba ce ga kare). Bayan kwana biyu ko uku a ɗaure na daƙiƙa 10, a riƙa ƙarawa. In yana karce shi da ƙafa ko yana goga fuska a ƙasa, an yi gaggawa, a koma baya.

Robar tana lanƙwasa, ramukan kuma manya ne, yatsan yaro zai shiga. Karen da ya taɓa cizo da gaske, kwandon da aka yi da wayar ƙarfe ya fi masa. Amma don kai kare rigakafin haukan kare a Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ratsa unguwa da shi, ya wadatar, muddin an cire shi da an dawo gida kuma ba a bar kare shi kaɗai da shi a baki ba.