Sharhina kan Rescuezilla, bayan had disk ɗin laftof ɗina ya mutu

Salam jama'a. Masu tambayata wai da me nake yin bakof a shago, wato ajiye kwafin abin da ke cikin kwamfuta saboda ɓacin rana, sunan abin Rescuezilla, kyauta ne ko sisi ba a biya, kuma ni kam ya min rana. Amma fa yana da nasa halin, duk zan faɗa kar wani ya je ya gwada ya dawo yana cewa na yaudare shi.

Ina da ɗan bizines santa a Gwallameji kusa da Fedaral Poli a Bauchi, taifin da furojet ɗin ɗalibai da katin biki da kalanda, duk a kan laftof ɗaya nake yi, 'yar gwanjo ce irin wadda ake ce wa landan yuz. To mu masu irin wannan sana'ar ba fayil kaɗai ne dukiyarmu ba. Akwai CorelDRAW da nake dizayin da shi da yadda na saita shi, akwai font da na daɗe ina tarawa, akwai direban firinta wanda in ka rasa shi sai ka wuni kana nema a intanet kana ƙona data. Yawancin mutane in sun ce sun yi bakof, folda suka ja suka jefa a filash, kuma hakan ma da kyau, amma ranar da disk ya mutu za ka zama kamar telan da ya tsira da yadin mutane keken kuma ya tafi, kaya na nan amma ba abin yin aiki. Shi Rescuezilla disk ɗin gaba ɗaya yake ɗauka, Windows da manhajoji da saitin komai har faswod ɗin wayfai, ya dunƙule su guri ɗaya a cikin estanal, wato had disk na waje da ake sokawa a ramin USB, in ka sa sabon disk ka juye sai kwamfutar ta tashi yadda ka bar ta.

Yadda ake yi ba wuya. Za ka yi daunlodin ɗinsa, ya ɗan haura giga 1 saboda haka ka jira garaɓasar dare, sai ka sa shi a filash da balenaEtcher ko Rufus. Ka sani duk abin da ke kan filash ɗin zai goge. Sai ka kashe laftof ka soka filash ka kunna kana danna maɓallin but, wato wanda zai ba ka zaɓin tayar da ita ta filash, a HP F9 ne, Dell da yawancin Lenovo F12. Abin da zai buɗe ba Windows ba ne, Linux ne, amma kar ka tsorata, manyan maɓallai ne a gabanka ana danna su da maus, na ɗauka daban na mayarwa daban. Wannan ne ma ya sa na zaɓe shi a kan Clonezilla, wanda ya girme shi kuma aikinsu kusan ɗaya har ɗaya yana iya buɗe bakof ɗin ɗaya, sai dai shi Clonezilla rubutu ne zalla da tambayoyi masu rikita mutum, yaron shagona da ya gani cewa ya yi oga wannan ai na 'yan hakin ne.

Inda za ka nutsu shi ne gurin zaɓen disk. A can ba C ba D, sunaye ne irin sda da sdb ko nvme, saboda haka girman za ka duba. Estanal mai tera 1 zai nuna wajen giga 931, ba cutarka aka yi ba haka lissafin yake. Kuma ka yi tik a kan duk fatishon ɗin da ya nuna, wato ɓangarorin da aka raba disk ɗin, har ƙananan nan da kake ganin ba su da amfani, a cikinsu ne abin da ke tayar da Windows yake. Ka soka estanal a ramin USB mai shuɗin ciki in akwai, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Bakof ɗina bai cika kai awa guda ba.

Ranar da abin ya faru kuwa, dama disk ɗin ya ɗan jima yana wata ƙara ƙas ƙas, kwamfutar tana nauyi, sai wata safiya ta ƙi tashi sam, kuma lokacin difens ɗin furojet ne ɗalibai sun cika benci. Na kai wa wani injiniya a wajen Wunti ya buɗe ya ce sai dai haƙuri, a sa SSD, wato sabon nau'in disk mai sauri. Ya ɗauko mai 256 ya ce "Malam ai wannan ma ya ishe ka, kuma ya fi sauƙin kuɗi." Na ce "A'a injiniya, ba ni mai 512." A nan ne mutane da yawa za su faɗa rami. Tsohon disk ɗina giga 500 ne, kuma Rescuezilla ba ya juye bakof a kan disk ɗin da bai kai na asali girma ba, ko da kayan da ke ciki giga 100 ne kacal, sai in tun kafin ka ɗauki bakof ɗin ka matse fatishon. Har mai 480 ɗin nan da ya cika kasuwa ba zai karɓi na 500 ba. Na dawo shago na juye, kafin la'asar laftof ta tashi da hoton fuskarta da komai, firinta ta kama ba tare da na taɓa komai ba, Windows ma bai nemi sabon lasisi ba tunda shi da madabod yake ɗaure ba da disk ba. Ga sauri kuma da SSD ya ƙaro, kai ka ce sabuwa na saya.

To yanzu abin da ban so ba. Ba ya yin bakof da kansa, ba inda za ka saita masa ka ce duk Juma'a ka yi, dole kai ne za ka tsayar da aiki ka kashe kwamfuta ka tashe ta ta filash ka zauna kana kallo. Sannan kullum daga farko yake ɗauka, ba ya cewa bari in ƙara abin da ya canja kawai, saboda haka estanal yana cika da wuri sai kana goge tsofaffi. Abin da zai dawo maka kuma shi ne kwamfutarka ta ranar da ka yi bakof na ƙarshe, duk aikin da ka yi bayan nan babu shi. Ni abin da ya cece ni a nan foldar aikin kwastomomi tana hawa Google Drive kullum, giga 15 suke bayarwa kyauta amma da Gmail da hotunanka duk a ciki ake lissafi, OneDrive kuma 5. Wato Rescuezilla da Drive tare suke tafiya a gurina, ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya. Akwai kuma wajen leƙa cikin bakof ka ciro fayil ɗaya, yana aiki amma da jan jiki yake, ban cika bi ta kansa ba.

Wuta ma abin dubawa ce, in batirinka ya mutu kar ka fara sai da sola ko inji, don in aka ɗauke ana tsakiyar juyewa sai ka sake daga farko. Kuma ka kashe Windows kashewa ta sosai, ba ka rufe murfi ko ka sa ta barci ba. Masu sababbin laftof kuma ku duba ko BitLocker, abin da Windows ke kulle disk da shi, a kunne yake, in a kunne yake bakof ɗin zai kumbura ya kusa kai girman disk ɗin duka tunda ba ya iya matse abin da ke kulle, kuma lambar buɗewa mai lamba 48 ɗin nan yawanci tana cikin akawun ɗinka na Microsoft, ka rubuta ta a takarda tun yau.

Wani zai ce ai akwai Macrium Reflect, wata manhajar bakof irin wannan. Da akwai na kyauta kuma mai kyau ne, amma kamfanin ya daina kula da shi tun farkon 2024. Na cikin Windows kuma wanda ke Control Panel, Microsoft da kansu tun 2017 suka ce sun daina inganta shi, shi ya sa ban ɗora rayuwata a kai ba.

Estanal ɗin ba na barinsa a shago, kuma ba na barinsa a soke. Filash nawa ɗalibai suke kawowa a rana, rabinsu da bairos, ga ƙurar hunturu ga zafin Bauchi in bazara ta kama, ga ɓarayi. A gida yake kwana cikin durowa. In na hannu za ka saya ka sa CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awa nawa ya yi yana aiki kafin ka biya. Bayan ka yi bakof kuma ka danna wajen tantancewa da ke ciki ya duba maka ko ya ɗauku daidai, minti kaɗan ne.

Ɗalibi mai furojet ɗaya da hotuna ba sai ya sha wannan wahalar ba, Drive da filash sun ishe shi. Amma mai shago ko mai kafe ko mai aikin dizayin, ya nemi estanal ya yi. Musamman masu shirin barin Windows 10, tunda Microsoft sun daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025, ku ɗauki bakof ɗin kafin ku hau 11, in tsohuwar firinta ta ƙi kamawa a can sai ku juye ku koma inda kuke.