Kamfanin da ya tsabtace mana garejin Baba a bakin Kubanni

Wata goma sha ɗaya ke nan da na sa hannu a takardar aiki da wani ƙaramin kamfanin gyaran muhalli daga Kaduna. Tun daga lokacin, a makaranta ko a gidan biki, sai an sami mai tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ba zan kama sunansu ba, domin akwai yabo a bakina, akwai kuma ƙorafi, kuma har yanzu ba mu gama da juna ba.

Filin na gado ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya haura shekara talatin yana harkar manyan motoci, garejinsa yana ta ɓangaren Sabon Gari, bayansa ya gangara zuwa rafin Kubanni. A ciki akwai tankin gas a binne, da ramin da makanikai ke shiga ƙarƙashin mota, da wani lungu inda ake juye baƙin mai duk ranar da aka yi sabis. A zamaninsu ba wanda ya ɗauki wannan laifi. Maƙwabta ma da gwangwani suke zuwa a ɗiba musu, su shafa wa katako saboda gara. Da aka raba gado filin ya faɗo mini ni da ƙanena, na ce Islamiyya nake so mu gina, ladan ya kai ga Baba.

Ƙanena ya ce, "Yaya, tifa goma ta marmara ta isa. A zuba a daɓe, ba mai sanin an taɓa yin gareji a nan." Magina biyu da na kira su ma haka suka ce. Rijiyar filin ce ta hana ni yarda. In an ja guga, wani launi ne ke yawo a saman ruwan kamar wuyan tattabara, ga wari. Sai kuma wani dattijo mai lambu a gangaren, abokin Baba ne, ya same ni ya ce, "'Yata, ba ƙara na kawo ba, mahaifinki ya yi mini alheri. Amma fangalin da ke jikin katangarku, duk shekara in na dasa latas sai ya ƙone, na can gaba kuwa lafiya lau." A wannan ruwan yara za su yi alwala, wannan latas ɗin kuma kasuwar Sabon Gari yake zuwa.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali da kamfanin shi ne sun ƙi faɗin farashi ta waya. Injiniyarsu, wata matashiya mai natsuwa, ta zo da mutum biyu da wani ƙarfe mai kama da matsefatar ƙasa, suka huda wuri tara, kowane wuri suka ɗebi ta sama da ta tsakiya da ta can ƙasa, suka sa a kwalabe suka rubuta lamba. Da sakamako ya fito ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce a ƙa'idar da tsohuwar hukumar DPR mai kula da harkar man fetur ta shimfiɗa, wadda ake kira EGASPIN, in mai ya kai miligiram 5,000 a kilo ɗaya na ƙasa to dole a yi aiki, ƙasa mai tsabta kuwa ita ce wadda ba ta wuce 50 ba. Lungun baƙin mai da gindin tanki sun zarce dubu biyar ɗin, wajen ƙofar gareji kuma bai kai ba, don haka ta ce kada in ɓata kuɗina a can. Ɗan kasuwar da zai rage wa kansa aiki da bakinsa ba kullum ake samunsa ba. Duk da haka na raba samfur biyu na kai wani ɗakin gwaji a Samaru da kuɗina, aka samu lissafin ya yi kusa da nasu. Mu mutanen Zariya ba mu da uzuri a wannan, ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, masu ilimin sinadarai ba su yi mana nisa ba.

Mun yi ciniki a naira miliyan shida da rabi, biya kashi uku.

Ranar tanki ba zan manta da ita ba. Kafin zuwansu 'yan gwangwan sun yi ta zarya suna taya shi, za su yanka shi a cikin ramin da wutar walda su kwashe. Injiniya ta ce, "Hajiya, don Allah kada ki bari a kunna ko ashana a nan. Tankin da ba komai ya fi cikakke haɗari, tururin da ke ciki shi ne ke fashewa." Suka zuƙe abin da ya rage a gindinsa cikin durom, suka wanke shi, suka bar shi ya sha iska, suka auna da wata na'ura, sannan katafila ta ɗago shi ɗungurungum. Da aka kwantar da shi sai ga ɓula uku a ƙasansa, yatsana yana shiga. Allah kaɗai ya san shekara nawa gas ya yi yana tsiyaya Baba yana zaton direbobi ne ke sace masa. Na tsaya a wurin na yi hawaye, domin na tuna wani direba da aka sallama a kan wannan zargi.

Yadda suka yi da ƙasar shi ne ya fi ba ni sha'awa, don noma ne sak. Suka shimfiɗa baƙar leda mai kauri a gefen da ya fi nisa da rafi, suka yi mata gaɓa da buhunan yashi don kada ruwa ya gudu, suka baje ƙasar da aka haƙo kunya-kunya, tsayinta bai wuce gwiwa ba. Aka cuɗa ta da kashin kaji da ɓuntun shinkafa da ɗan takin yuriya. Injiniya ta ce a cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda mai abincinsu ne, abin da suke nema kawai iska da laima da taki. Kashin kaji ya ƙara musu yawa da abinci, ɓuntu ya sa ƙasar ta yi sako-sako iska ta ratsa. Duk mako leburori huɗu za su juya ta da shebur, su yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula za ta kama amma ba za ta ɗiga ba. Mun fara a Nuwamba. Cikin hunturu aikin ya yi nawa, ƙasar na bushewa da sauri, har na fara zargin ko an yi mini sakiyar da ba ruwa. Da zafin Maris ya shigo sai warin ya soma karyewa, launin ya tashi daga baƙi ya koma na ƙasar gona. A ƙarshen Afrilu na ga tana a cikin kunyar farko. Gwajin da aka yi kafin ruwan farko ya nuna man ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na yadda aka same shi. Bai kai hamsin ɗin nan ba, kuma ba su ɓoye mini ba.

Sun kuma faɗa mini gaskiya a kan dalma. Waɗannan halittu suna cin mai, amma ba sa cin ƙarfe, tsohon baƙin mai da ruwan batir kuwa suna barin dalma a ƙasa. Duk wanda ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma, ba zai yi wasa da wannan a filin makaranta ba. Ƙasar lungun nan ba su yarda a mayar ba, tifa biyu suka kwashe.

To a nan ƙorafina ya fara. Na tambayi inda aka kai tifa biyun, mako biyu ana ce mini "an kai inda ya dace". Sai da na ce ba zan saki kashi na biyu na kuɗi ba sannan aka kawo mini takardar wurin da ya karɓa. In da a bayan wani ƙauye aka juye, to cutar kawai na sauya wa gida, kuma alhakin yana wuyana. Na biyu, leburorin da suka ɗauka a unguwa sun yi kwana uku suna aiki da silifas, hannu ba safa, alhali ma'aikatansu na Kaduna kowa da takalmin roba da takunkumi. Da na yi magana washegari aka kawo, amma bai kamata sai mai fili ta yi magana ba.

Babban kuskurensu rijiya ce. A Fabrairu suka kwashe man da ke saman ruwan da wani irin soso mai shan mai ya bar ruwa, suka yashe ta sau biyu, ruwa ya fito garau ba wari, aka rubuta a rahoto cewa an kammala. Gwajin ruwa ba ya cikin yarjejeniyarmu, ni ban san in nema ba, su da suka sani ba su sa ba. A Agusta da damina ta kankama, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya riski man da ya maƙale a tsakanin marmara, sai ga launin nan ya dawo saman guga. Dare na yi ina karatu a waya. Na ga rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 a kan gurɓatar mai a ƙasar Ogoni, inda aka sami sinadarin benzin, wanda ke cikin mai, a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, aka kuma ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ƙa'idar nan maikurogiram 10 ce kacal a lita ɗaya, abin da hanci ba zai ji ba, kuma benzin yana jawo sankarar jini. Namu bai kama ƙafar na Ogoni ba, amma na gane rashin wari ba shaidar komai ba ne, kuma wata shida yaran makanikan maƙwabta suna wanke fuska da ruwan nan a kan maganar rahoto.

Na kira injiniya raina a ɓace. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Hajiya, laifinmu ne, ya kamata mu jira damina kafin mu rufe fayil." Suka dawo suka haƙa ƙananan ramuka uku na sa ido tsakanin inda tankin yake da bakin rafi, suka sa bututu da murfi, za a riƙa ɗibar ruwa duk wata uku. Aikin haƙar ba su caje ni ba, kuɗin gwaji kuwa ni zan biya, kuma ina ganin rabawa ya kamata mu yi.

Wanda ke da tsohon gareji ko gidan mai ko wurin ajiyar kananzir a bakin Kubanni ko Galma ya tambaye ni, zan ba shi lambarsu, domin aikin ƙasa sun iya shi kuma ba sa ƙarya a kan lissafi. Amma zan ce ya sa abu uku a takarda kafin ya ba da ko kwabo: gwajin ruwa da rani da kuma tsakiyar damina, takardar inda za a kai ƙasar da aka kwashe, da kayan kariya ga kowane lebura. Ya kuma riƙe kashin ƙarshe na kuɗi har Satumba ta wuce.

Yanzu rijiyar tana rufe da kwaɗo, mabuɗin yana jakata. Mun ɗage haƙa harsashin gini sai an ga sakamakon ramukan a watan Janairu, ƙanena bai ji daɗi ba amma ya haƙura. Dattijo mai lambu ya ce bana zai bar fangalin jikin katanga ya huta, ya nemi in ba shi ragowar kashin kaji da ɓuntun da suka rage, jiya aka kai masa baro shida.