Daga Liyon zuwa Maradi: wasiƙa ga Yayata kan neman haihuwa

Yaya, ina gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Duk kiran da za mu yi sai kin ce "har yanzu shiru?", ni kuma in ce sai addu'a. Yau zan faɗa miki abin da ke ƙarƙashin shirun.

Kin tuna ƙurajen nan da suke fito mini a gaba tun watannin farko na aure, masu ruwa, masu raɗaɗi in fitsari ya taɓa su? A gida kowa cewa yake sanyi ne. Na sha kafso daga hannun masu tallar magani a bakin kasuwa, na sha saiwoyi, na yi zaman ruwan ɗumi da bagaruwa. Su warke, in ce magani ya ci, bayan wata biyu ko uku su dawo. A raina na gama yanke hukunci cewa su ne suka toshe mini mahaifa.

Nan Faransa, ranar da suka sake fitowa na je wurin likita. Ta sa ɗan tsinke mai auduga ta shafo ruwan ƙurjin aka kai awo, sakamako ya fito: harpes. Ƙwayar bairos ce, tana laɓewa a cikin jijiya, ta farka in an gaji ko an yi zazzaɓi ko lokacin al'ada. Kafso bai taɓa ta ko kaɗan, ashe da kansu suke warkewa. Kuka na fashe da shi. Matar nan ta jawo kujera kusa da ni, ta zana mini komai a takarda, ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum ɗaya cikin biyar, masu shekara 15 zuwa 49, suna ɗauke da ita a al'aura, akasari ba su ma sani ba. Sannan ta faɗi maganar da na yi shekara uku ina bukata: wannan ƙwayar ba ta hana ɗaukar ciki.

Ganin likitan yuro 30 ne, jika ashirin ba kaɗan a kuɗinmu, amma inshorar gwamnati tana mayar da mafi yawa ta katin da ake kira Vitale. Maganin da ake ba mai harpes ba ya fita farmasi sai da takardar likita. Sunansa balasiklobir, ɗan'uwan wani maganin harpes ɗin da ake kira asiklobir. Bai kashe ƙwayar, yana dai rage fitowarta, yana rage yiwuwar ɗaya ya shafa wa ɗaya. Akwai kuma cibiyoyin CeGIDD inda ake awon cututtukan saduwa kyauta, ba wanda zai tambaye ki ƴar gidan wa ce. Wannan sirrin, Yaya, ya fi mini maganin daraja. A gida kafin ki fito daga layin awo labari ya riga ki isa unguwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, cewa ta yi in zo da maigida. A wurinmu mace ce ke yawon asibiti da gidajen malamai, namiji yana zaune ana ba shi shawarar ƙara aure. Nan in shekara ta cika babu ciki, mutum biyu ake aunawa, har da maniyyin miji. Sai da ya yi sati yana jan ƙafa, amma ya je, Allah ya saka masa. Ban tsaya binciken wa ya kawo wa wani ba, tunda mutum kan yi shekaru da ita bai ga ƙurji ko ɗaya ba.

Wahalar da ta rage ita ce lissafi. Ina sayen ƴan sandunan awon fitsari masu nuna kwanakin da ƙwai ke sauka, ina shan bitamin folik asid kullum. In ƙurajen suka fito dole a haƙura da kusantar juna har su bushe, kuma sau biyu suna faɗowa daidai kwanakin nan. Wata guda ya tafi ke nan. Ranar na zauna a kicin ni kaɗai, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce lafiya. Ta wannan fannin gida ya fi, nesa ba kusa ba. Likitan mata ma sai ki jira watanni kafin a ba ki rana, alhali a Maradi yau kika tashi yau za ki ga ungozoma.

In Allah ya kawo rabo, daga sati na 36 za a ɗora ni kan magani kullum. In naƙuda ta zo da ƙurji a fili, tiyata za a yi don kada jariri ya taɓa shi. Hatsarin ya fi yawa ga wadda ta kamu karon farko a ƙarshen ciki. Irina da ta daɗe da ita, jikina yana ba jaririn kariya tun yana ciki. Tunda tiyatar haihuwa kyauta ce a dokar Nijar tun 2005, abin da ya rage wa matanmu shi ne su buɗe baki su gaya wa ungozoma. Kuma don Allah, ranar suna in jariri yana yawo hannu zuwa hannu, mai ƙurjin zazzaɓi a leɓe kada ya sumbace shi. Dangin ƙwayar nan ce, tana iya kashe jinjiri.

Kada ki gaya wa Inna tukuna, zan yi mata bayani da bakina. In kin shiga gari ki tambayar mini kuɗin asiklobir a farmasi, in san ko sai na taho da nawa in mun zo hutu. Ita kuma ƙanwar mijinki da kika ce sanyi ya ƙi barinta, ki raka ta asibiti ranar da ƙurajen suke a fili, kafin su bushe.